Ruwan da Muka Zubar a Gaban Muhandis

Zafin bana bai jira lokacinsa ba. Tun kafin hantsi ƙofar langa-langa take gagarar taɓawa, ruwan randa kuwa ɗumi-ɗumi kamar na wankan jariri. A irin wannan safiya ce jikata Nusaiba ta shigo da takarda daga lajna, wato kwamitin unguwa. Ta karanta mini da Larabci, sannan ta kwatanta da Hausarta mai ɗingishi. Wai ranar Asabar akwai taro a makarantar 'yan mata, za a sake tsara hanyoyi da magudanan ruwa na unguwa, ana so kowa ya je ya faɗi ra'ayinsa. Ta ce, "Habboba," wato kaka, "har da tsofaffi aka ce." Na ce mata ai dama tsofaffin ne suka san inda ruwa yake bi. Ta yi dariya, tana tsammanin wasa nake, ni kuwa tuni hankalina ya koma wata bazara da ta haura shekara ashirin.

Lokacin soja ba su daɗe da karɓar mulki ba. Unguwarmu tana kudancin Kalakla, a gefen babban birni, bayan an rabu da kwalta, kuma ba wanda ya zana ta a takarda kafin a gina ta. Yawancinmu daga Jazira muka zo, 'ya'yan masu ƙodago a gonakin auduga. Mahaifina, Baba Idi, shekara talatin ya yi yana ban ruwa a gonakin mutane, bai taɓa mallakar ko taƙi ɗaya ba. Shi ya zaɓa mana inda muka yi gini. Sai da ya jira aka yi ruwan sama, ya cire takalmi ya zaga filin nan kaf, sannan ya dangwara sandarsa a ƙasa ya ce nan. In da ido ne ba ka ganin bambanci, ko'ina a shimfiɗe yake kamar tabarma. Amma layinmu, gida goma sha huɗu, ruwa bai taɓa shiga mana ɗaki ba.

A shekarar da nake faɗa, azumi ya faɗo a tsakiyar zafi, ga kuma tsananin rayuwa. Burodi sai an bi layi tun da asuba, sukari sai da katin rabo, shi ma ɗan abin da ake ba ka bai isa shayin mako ba. Maigidana mai walda ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, kullum a maƙale jikin ƙofar bas yake tafiya, a maƙale yake dawowa. Famfo babu. Masu karo ne suke kawo mana ruwa, wato ganga a kan amalanken jaki, kowane gida ya karɓi garwa biyu ko uku, in an yi rashin sa'a injin rijiya ya tsaya a wuni ba a ga jakin ba. Ruwa ɗaya sai ya yi mana aiki uku: a wanke kwanoni, a jiƙa tsummokara, abin da ya rage a yayyafa a tsakar gida ko ƙasa ta ɗan huce. Da la'asar ina gaban tandar kisra, wainar dawar nan mai faɗi, wuta a fuska, rana a ƙeya, harshena kamar busasshen ɓawo. Duk wannan mun saba, ba shi ya dame mu ba.

Abin da ya dame mu, ranar biyar ga azumi wata mota ta tsaya a bakin layinmu, mutum biyu suka sauko da gwangwanin jan fenti. Ko sallama ba su yi ba. Suka bi gidajen nan goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya suna zana musu jan gicciye a bango. Ina tsaye da ludayi a hannu aka zana a nawa. Na tambaye su na mene ne, suka ce in je taro gobe in ji.

Taron a filin gaban masallaci aka yi shi, da tsakar rana, ba rumfa ba tabarma. Shugaban lajna, Ustaz Jibrin, shi ya buɗe. Namu ne, ɗan abokin Baba, tuwon dawa ɗaya muka ci da shi a Jazira, amma tun da aka ba shi wannan kujera Hausarsa ta ƙafe. Kusa da shi ga muhandis, wato injiniyan da aka turo, saurayi mai takalmi yana ƙyalli, ya shimfiɗa taswira a kan motarsa. A gefe soja ɗaya da bindiga. Muhandis ya yi bayani cewa za a haƙa babbar magudana daga nan filin masallaci, inda ruwan damina yake taruwa, ta miƙe sak yamma zuwa kogi. Layinmu yana kan hanyarta, don haka za a rushe shi. Amma kada mu damu, an ware mana filaye sababbi a bayan unguwa. Ya sa yatsa ya nuna. Da na gane wurin sai da na dafe ƙirji. Kwari ne, inda kwaɗi suke kwana suna kuka duk damina, inda na taɓa ganin jaki ya nutse har wuya.

Ni dai bakina ba ya riƙe magana, tun ina yarinya ake yi mini faɗa a kan haka. Daga cikin mata na ɗaga murya na ce wa aka tambaya a cikinmu kafin a ja wannan layi? Ustaz Jibrin ya ce wannan taro na sanarwa ne, ba na tambayoyi ba. Sannan ya juya Hausa, karo na farko a ranar, ya rage murya ya ce, "Rakiya, ki bi a hankali. Kada ki ja a fara tambayar mutanenmu takardar ɗan ƙasa." Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi zafi. A ƙasar nan aka haife ni, a ƙasar nan aka binne uwata, ƙafar ubana kuwa duk kaushin ban ruwan audugarsu ce.

Baba bai yi fushi irin nawa ba. Ya matsa gaba da sandarsa, ya gaida muhandis da Larabcinsa na gona, ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa unguwar nan ana ruwa. Muhandis ya ce ba sai ya zo ba, daga jirgin sama aka ɗauki hoton wurin. Baba ya ce, "Da rani aka ɗauka, ko da damina?" Sojan ya gyara riƙon bindigarsa, Ustaz Jibrin ya ce an ba mu mako biyu mu cire ƙofofi da kwanon rufi kafin katafila ta zo, aka tashi.

Tsoro ya shiga layinmu. Wasu tun washegari suka fara ɓamɓare tagogi. Maigidana ya ce in rufa masa asiri in kama bakina, mutanen nan ba a ja da su, ya ga abokan aikinsa da aka ɗauka daga gareji ba a sake jin ɗuriyarsu ba sai bayan watanni. Na san gaskiya yake faɗa, shi ya sa ma abin ya ƙara ba ni haushi. Ga shi an hana taro, mutum biyar suka tsaya a inuwa sai a tambaye su abin da suke ƙullawa. Abu ɗaya ne ba su iya hanawa ba, shan ruwa a titi. Al'adar garin ce, kowane gida ya fito da tirensa, maza su shimfiɗa tabarmi a layi su sha ruwa tare, mai wucewa ma a tare shi dole ya zauna. A kan tabarmar nan Baba ya yi nasa taron, mu mata muna ji ta kan katanga.

Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja layi biyu da yatsa. Ya ce a Jazira in masu ban ruwa biyu suka yi saɓani kan inda ƙasa ta karkata, ba a ɓata yawu. Kowa ya ja ɗan rami a kan layinsa, zurfi ɗaya, a saki ruwa, a tsaya a gani. Ya ce layin muhandis hawa yake yi, layinmu ya fi filin masallaci tudu da kusan kamu guda, ruwa ba zai hau ba ko an rushe gidajenmu duka. Zai dawo ne ya cika filin masallaci ya shiga gidajen da ke kewaye, sannan ya nemi tsohuwar hanyarsa ta kudu ya gangara kwari, a kan waɗanda aka kai can. Wani ya ce to wa zai gaya wa hukuma haka? Baba ya ce ba gaya mata za a yi ba, nuna mata za a yi. Sai wani ya ce, da wane ruwan?

Wannan ɓangaren ni na ɗauka. Na bi gidaje ɗaya ɗaya, ba layinmu kaɗai ba, har na kewayen masallaci, ina neman kowace mace ta ba da garwa ɗaya a kullum har kwana uku. Na sha baƙar magana. Maƙwabciyata Inna Kaltume, tsohuwa mai baki irin nawa, ta ce, "Ruwan da nake auna wa jikokina da kofi za ki ce in zubar a ƙasa, a cikin azumi? Kanki ɗaya kuwa?" Na ce mata ko ta zubar da garwa uku yanzu, ko kwari ya ba ta ruwa kyauta har ƙirji duk shekara. Ta zage ni tas, ta ce dama tun ina goye ta san ba zan yi kunya ba. Da gari ya waye garwarta ce ta fara isowa ƙofar gidana.

Aka yi gayya, abin da mutanen nan suke kira nafir. Maza suna idar da sallar asuba sai su ɗauki diga da fartanya, su yi haƙa kafin rana ta yi ƙarfi, sannan su wuce wurin aiki da baki a bushe. Rami biyu suka ja daga wuri ɗaya a filin masallaci, ɗaya ya bi turakun da muhandis ya sa aka kafa ya nufo layinmu, ɗaya ya bi inda Baba ya nuna. Baba ya yi wa sandarsa tsaga, yana bin su taki-taki yana aunawa, inda aka zarce ya sa a mayar da ƙasa, inda aka gaza ya sa a ƙara. Matsalar ita ce ƙasar ta tsattsage don zafi, in ka zuba mata ganga guda shanyewa za ta yi kafin ka ƙifta ido. Sai mu mata muka kwaɓa laka da kashin jaki, irin wanda muke yaɓe bango da shi kafin damina, muka durƙusa muka yaɓe cikin ramukan nan da hannu. Rana tana dukan bayanmu, ƙasa tana ƙona gwiwa, leɓɓanmu sun fashe, in ka miƙe sai ka ga duhu-duhu. Ustaz Jibrin ya zo ya tsaya a kanmu ya ce me ake yi haka ba izini. Baba ya ce gayya ce, ko ita ma an hana? Ya yi ta muzurai, ya tafi.

Kwana ukun nan ba wanda ya yi wankan kirki a unguwa. Alwala da ɗan abin da zai jiƙa gaɓɓai, kayan yara suka yi dauɗa muka bar su haka. Masu karo suka ara mana ganguna muna tarawa, biyu daga ciki suna yoyo. Rana ta biyu da yamma sai ga maigidana, mutumin da ya ce in kama bakina, ya dawo da su a kan karo ya liƙe su da walda tsaf. Ni kuwa na ƙara masa sukarina a shayi.

Ba zan ɓoye ba, ni ma na ji tsoro, kuma ba tsoron soja ba. Baba ya tsufa, yanar ido ta fara rufe masa gani. In ya yi kuskure fa? Na sa mata sun hana 'ya'yansu ruwa, in ruwan nan ya bi layin muhandis ya wuce, da wane ido zan kalli Inna Kaltume? Na tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce idonsa ne ya tsufa, tafin ƙafarsa yana nan yadda yake.

Ranar da muhandis zai dawo duba gidajen da aka kwashe, ba mu aika masa goron gayyata ba. Baba ya riga ya sa ramin nasa ya ratsa hanyar da mota take shigowa, don haka dole direba ya taka birki. Muhandis ya sauko ransa a ɓace, sojan yana biye da shi. Unguwa kaf tana tsaye. Baba ya miƙa masa sanda ya ce, "Ya bash muhandis, babban injiniya, ba gardama muka zo yi ba. Ga layinka, ga namu, zurfinsu ɗaya. Auna da hannunka." Zan faɗi alherinsa guda, ya karɓi sandar, ya durƙusa ya auna nan da can, har wuri biyar ko shida. Sannan Baba ya ɗaga hannu, aka karkata gangunan.

Allah kaɗai ya san abin da na ji. Mai azumi, maƙogwaro a bushe, kana kallon ruwa yana kwarara ƙasa, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar laka yana shiga hanci. Inna Kaltume ta riƙe hannuna har sai da faratanta suka shige ni. Baba ya jefa ɓawon gyaɗa ɗaya a kowane rami. Na layin muhandis ya tafi da gudu, zuciyata ta yanke. Ya yi taki ashirin, ya yi talatin, sai ya fara rage sauri, ya tsaya yana juyi a wuri ɗaya. Ruwan ya kumbura, ɓawon ya juyo ya dawo baya, ruwan ya haura bakin ramin ya malale a kan takalmin muhandis. Na layin Baba kuwa a hankali yake tafiya, kamar tsohuwa za ta unguwa, amma bai tsaya ba. Muka bi shi a baya, mu duka, har da muhandis da jiƙaƙƙen takalminsa, har ya kai inda ƙasa take gangarawa kwari ya sulale.

Muhandis ya daɗe yana kallon wurin. Ya tambayi Baba inda ya koyi aunon ƙasa. Baba ya ce, "A gonar mutane, shekara talatin, ba takalmi." Muhandis ya naɗe taswirarsa. Sojan ne ya yi magana, ya ce wa ya tona hanyar hukuma? Na ga Baba zai buɗe baki, sai maigidana ya riga shi ya ce shi ne. Suka sa shi a mota suka tafi da shi.

A ranar, da abin da ya rage a gindin randa muka sha ruwa, kofi bibbiyu, ƙasa-ƙasa. Kwana biyu maigidana ya yi a hannunsu. Ya dawo an aske masa kai, yana ɗingishi, bai taɓa gaya mini abin da aka yi masa ba har ya koma ga Allah. Ya zauna a bakin gadon igiya ya ce ko akwai sauran abre, wato jiƙon da muke sha da azumi. Na haɗa masa ina kuka, ina zagin waɗanda ban isa in ambaci sunansu ba.

Mako biyun suka cika, katafila ba ta zo ba, ba kuma wanda ya ce an fasa. Aka yi Sallah a haka. Muna jiyo rugugin rusau daga wasu unguwanni. Ta ƙanwata ma an share ta, aka kwashe su a manyan motoci zuwa wani fako can bayan Umdurman, suna kafa buhuna a kan itace don inuwa. Ba zan ce mun fi su dabara ba, su ba wanda ya ko tsaya ya saurare su. Rabin layinmu sun cire ƙofofinsu sun jingine a tsakar gida. Maigidana ya ce mu ma mu cire tamu, kada a zo a haɗa da ita. Na ce a'a, in za su zo su same ta a rufe, su ƙwanƙwasa.

Sai wata safiya ga mutum uku da na'urar nan mai ƙafa uku da ake leƙawa. Kwana huɗu suna bin sawun ramukanmu suna rubutu. A rana ta biyar suka tuge turakun da suka nufo layinmu, suka kafa su a kan layin Baba, aka soke filayen kwari. Ba taro, ba sanarwa, ba wanda ya ce mun yi gaskiya. Daga baya ma Ustaz Jibrin ya miƙe a masallaci ya ce ƙoƙarin lajna ne ya jawo gyaran. Oho dai. Faɗaɗa hanya ya ci rumfata da dogon yaron da na shuka, babbar magudanar kuma mu muka haƙa ta da gayya, don katafilar ta rushewa ce kawai ake da ita.

Ruwan farko na shekarar da la'asar ya zo. Gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe shanya, sannan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Lokacin idon Baba ya kusa rufewa gaba ɗaya. Ya sa aka jawo masa gado bakin ƙofa, ya ce in je in dubo. Na yafa buhu na ruga na dawo a jiƙe. Ya ce ina ya nufa? Na ce kudu, Baba, kwari. Ya ce da gudu ko a hankali? Na ce a hankali. Ya ce, "Haka nake so. In ya yi gudu zai cinye bakin magudanar. Gobe ku kwashe sharar da ya tara." Da sanyin shekarar ya rasu. Jan gicciyen nan kuwa yana nan a bangona. Duk shekara in ana yaɓe kafin damina sai in sa a zagaye shi a bar shi, kowa ya gani.

Asabar ɗin na je taron, Nusaiba tana riƙe da hannuna. An samu canji, ba zan ƙi faɗa ba. Ga kujeru, ga fanka, an ba kowa ruwan roba mai sanyi da takarda da biro. Muhandis ɗin ma mace ce, yarinya mai ladabi, ta gaishe mu ɗaya ɗaya. Ta haska taswira a bango, sai na ga za a cike magudanar Baba a yi shaguna a kanta, a ja sabuwa ta miƙe sak yamma. Na ɗaga hannu na ce ko ta taɓa zuwa unguwar nan ana ruwa. Ta yi murmushi ta ce, "Ya hajja, rubuta ra'ayinki a takardar, duk za mu duba." Na ce ni ban iya rubutu ba, amma ta biyo ni waje.

Nusaiba tana jan mayafina don kunya, na fizge. Na tsaya a kan dandamalin simintin ƙofar makarantar, na buɗe robar nan na tuntsurar da ita duka. Ruwan ya ɗan tsaya, sannan ya ja jiki ya nufi kudu. Kafin ya ƙafe sai na ji ana buɗe robobi a bayana. Tsofaffin layinmu ne da suka rage, da 'yar Inna Kaltume, da wasu da lokacin suna goye, kowa yana zuba nasa a kan nawa. Na ce wa yarinyar ga ra'ayinmu nan, ta bi shi ta ga inda zai kai ta. Ta kalli ruwan, ta kalli takalminta. Na ce mata ta cire, tafiyar da ɗan nisa.